Waƙar Ramin Kuza

Na fara jin waƙar ne a wani shagon mamak da ke ƙasan benenmu a Pantai Dalam, wata biyu da zuwana Kuala Lumpur karatu. Mamak su ne Indiyawa Musulmi masu sayar da shayi da roti, wata irin gurasa, kuma a lokacin wurinsu kaɗai nake iya sayen abinci ba tare da na yi ta nuni da yatsa ba. Da la'asar ce, ruwan sama ya tsare mu. Akwai rediyo a saman firiji yana ta surutu, ba wanda ya kula shi. Can sai aka sako wani kiɗa da ya fara da jita ita kaɗai, a hankali, kafin ganguna su shigo, sannan wata murya mai ɗan kaushi ta biyo baya.

Wani direban tasi da ke kusa da ni ya ajiye kofinsa ya kama waƙar. Samari biyu masu kai saƙo a kan babur, hulunan kwanonsu na kan tebur, su ma suka kama. Wata mata mai lulluɓi da ta zo sayen abinci ta tafi da shi gida, na ga leɓenta na motsi. Har mai juya roti ya rage hannu. Da aka kai tsakiya mawaƙin ya yi shiru, jitar ta ci gaba ita kaɗai na tsawon lokaci, tana hawa tana sauka, su ma duk suka yi shiru har ta gama. Da waƙar ta ƙare kowa ya koma abin da yake yi, kamar ba a yi komai ba.

Ni ba mutumin irin wannan kiɗa ba ne. A Bukuru na tashi, kusa da Jos, a gidan da rediyo ba ya wuce labarai da tafsiri da makaɗanmu na gargajiya. Jita a wurinmu ta coci ce, ko ta masu kiɗan otal, kuma mahaifina ba ya son ganinmu kusa da otal ko da rana tsaka. Kiɗan rok kuwa, wanda nake gani a talabijin ɗin maƙwabta, na ɗauke shi hayaniyar masu gashi buzu-buzu da ba su da mafaɗi. Saboda haka ban tambayi kowa ba ranar. Amma daga nan sai na riƙa cin karo da waƙar: a bas, a shagon aski, a wayar wani a cikin jirgin ƙasa.

Wanda ya buɗe mini ita shi ne ma'aikacin da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu. Ɗan ƙabilar Malay ne, ya haura hamsin, gajere, da ɗan farin gemu, hula ba ta barin kansa. Kowa Abang yake kiransa, wato yaya. Shi ne na farko a masallacin sashenmu, shi ne kuma ke yi wa ɗalibai faɗa in sun bar kwalabe babu wanki. Wata safiya na same shi a bakin famfo yana wanke kwalaben da kansa, yana bin waƙar nan ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Abang, wannan waƙar fa? Duk inda na je sai na ji ta."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Ka san ta?"

"Na san kiɗan. Ban san abin da take cewa ba."

Ya goge hannu a tawul, ya ciro wayarsa, ya yi ta lalube, sannan ya miƙo mini. Hoton wani saurayi ne siriri, gashi har kafaɗa, wando matsattse, baƙar riga a yage a hannu, ya rataya jita.

Na ce, "Mawaƙin ke nan?"

Ya ce, "Ni ne, adik. Shekarata goma sha tara." Adik ƙane ke nan, haka yake kirana in yana cikin raha.

Na yi dariya har na ji kunya. Shi ma ya yi, ya ce in bari sai lokacin cin abinci.

A kantin cin abinci na sashen ya fassara mini ita layi-layi, yana tsayawa yana neman kalma. Yaro ne aka tashi daga makaranta, ya jefar da jakarsa a gindin bishiya, ya ruga babu takalmi a kan farin yashi tare da abokansa. Sun rataye riguna a reshe, sun faɗa lombong. Rana ta yi sanyi, suna jiyo ƙanshin kifin da ake soyawa a gidajen katako, uwa tana ƙwala kira daga nesa, kowa na cewa ba shi ake kira ba. A baitin ƙarshe yaron ya girma, yana wani ɗaki a saman bene a birni, ba mai kiransa ya dawo gida, yana cewa da ma a sake kiransa ko da duka ne ke jiransa.

Na ce, "Mene ne lombong?"

Ya ce, "Rami ne da aka haƙi ma'adini aka tafi aka bari, ruwa ya cika shi. Wannan farin ƙarfen da ake shafa wa gwangwani. Garuruwanmu da yawa a kansa suka kafu, har wannan birnin."

Na ajiye cokali. Na ce, "Kuza."

"Me?"

"Kuza muke ce masa. Abang, a bakin irin wannan ramin aka haife ni."

Ya ɗauka ina tsokanarsa ne. Sai da na nuna masa hotunan garinmu a waya: tulin jar ƙasa, ruwa kore shar a kwance a tsakiya, bishiyoyin turare a gefe. Na gaya masa kakana daga ƙasar Katsina ya gangaro aikin kuza yana saurayi, ya ɗauki kwano a ka har gashinsa ya zube, bai sake komawa ba. Lokacin da muka taso Turawa sun tafi, injuna sun yi tsatsa, sai ramukan. Dam muke ce musu. An hana mu zuwa, kuma ba ranar da ba ma zuwa, mu da 'ya'yan Birom da 'ya'yan Ibo na layinmu. Ruwan kuwa sanyi gare shi kamar ƙanƙara, in ka fito haƙoranka na kaɗawa. Mahaifiyata tana da hanyar kama mu: ta kan ja ƙafar mutum ta karce ƙwaurinsa da farce, in farin layi ya fito to ya shiga ruwa. Yayana ne ya samo dabarar ɓoye man shafawa a kwalin ashana, mu shafe ƙafafu a bayan gida kafin mu shiga. Sai ta koma duba idanu.

Abang ya yi ta dariya har ya riƙe tebur. Ya ce tasu uwar gashi take shinshinawa.

Daga ranar muka zama abokai, kuma a bakinsa na ji tarihin ƙungiyar da ta yi waƙar, kaɗan-kaɗan, a tsawon watanni. Su biyar ne, 'ya'yan ma'aikatan kuza na wani ƙaramin gari a arewacin ƙasar. Sun taso daidai lokacin da aikin ke mutuwa, iyayensu na zaune a gida babu abin yi. Jitarsu ta farko da hannu suka haɗa ta, da katakon akwati da wayar birkin keke. Suka shigo birni a jirgin ƙasa da sifika guda ɗaya, suka kwana a shagon wani mai gyaran rediyo na tsawon lokaci. A lokacin, in ji Abang, duk wanda ya ɗauki jita ƙoƙari yake ya zama Bature: ya yi waƙar Turawa, da harshensu, har da yadda suke karkata baki. Su waɗannan suka ce da Malay za su yi, kuma da Malay ɗin ƙauyensu, wanda 'yan birni ke yi wa dariya. Suka ɗauki kiɗan da ya zo daga waje suka zuba masa kifi da yashi da kiran uwa. Manya suka ƙi su saboda gashi, malamai suka yi wa'azi a kansu, mahaifin Abang ya taɓa fasa masa kaset da guduma. Shekaru suka wuce, yau a bikin aure ake yin waƙoƙinsu, kakanni na tafi.

Ya ba ni sauran waƙoƙin na saurara. Gaskiya ba duka na iya ɗauka ba. Akwai waɗanda har yau in an sa sai in ji kamar ana sara kwano a kaina, na kuma gaya masa haka, ya ce kunnena ne bai nuna ba. Amma ko a cikin masu hayaniyar na lura da abu ɗaya: mai jitar ba ya gaggawa. Yana da wata hanya ta jan sauti ɗaya ya riƙe shi har sai ka matsu, sannan ya sake shi.

Na tambaye shi ina suke yanzu. Ya ce biyu sun rasu. Mai ganga ya koma ƙauye yana koyar da yara karatun Alƙur'ani. Mawaƙin muryarsa ta tafi, kuma sun yi shekaru ba sa magana da mai jitar kan wani saɓani da ba wanda ya san kansa, sai a jana'izar ɗayansu suka shirya. Mai jitar, wanda shi ne ya rubuta waƙar ramin, yana nan cikin birni, a unguwar Cheras, yana gyaran kayan kiɗa.

A shekara ta biyu iyalina suka iso. 'Yata tana da shekara bakwai, cikin 'yan watanni Malay ya zauna a bakinta, ina yi mata Hausa tana mayar mini da wani abu daban. Gab da ƙaramar Sallah muka je wani titin kasuwa, Jalan Tuanku Abdul Rahman, sayen yadi. A bakin wani babban shago wasu matasa masu kiɗan titi sun kafa sifika, mutane sun kewaye su. Suka fara waƙar. Ina riƙe da leda, sai na ji ƙaramar murya a gefena tana bin ta daidai, har da karin ƙauyen.

Matata ta dube ni. "Malam, 'yarka fa waƙar masu gashi take yi."

Na ce, "A ina kika koya?"

Ta ce a makaranta, malamarsu ce ta koya musu, za su yi ranar hutu. Sai ta ce, "Abba, ka taɓa ganin lombong?"

Na ce na yi wanka a ciki ma.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Amma kai ba ɗan nan ba ne."

Ba a daɗe ba Abang ya ce tsohuwar jitarsa ta tsage a wuya, zai kai ta Cheras wurin mai jitar nan ranar Asabar, in ina so in raka shi. Na lura ya yi aski, ya sa sabuwar riga. A cikin jirgin ƙasa sai gyara zaman jakar jitar yake yi a tsakanin ƙafafunsa.

Shagon yana hawa na biyu a saman wani wurin wanki da guga, ana hawa ta wata siririyar matattakala. Ɗaki ne guda, yana warin gam da katako. Jitoci rataye a bango, wasu babu tsirkiya, wasu a buɗe an cire musu baya. Na duba ko zan ga hoto ko lambar yabo, ban ga komai ba sai kalanda da jadawalin lokutan salla. A bayan tebur wani tsoho ne zaune, kansa babu gashi ko ɗaya, tabarau ɗaure da zare, yana goge wani guntun katako. Yatsunsa sun kumbura a gaɓoɓi, biyu sun karkace.

Abang, mutumin da ɗalibai ke shakka, ya sunkuya ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya kai goshinsa. Ya kira shi Pak Cik, wato kawu, ni ma na bi shi. Tsohon ya karɓi jitar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa yana saurare. Ya ce tana gyaruwa, amma an bar ta kusa da taga, kada a sake. Abang ya ce to, kamar yaron da aka kama.

Sannan ya ce, "Pak Cik, wannan ƙanena ne daga Najeriya. Ya ce garinsu ma akwai lombong."

Tsohon ya cire tabarau ya dube ni. Ya tura mini kujera da ƙafa. Turancinsa kaɗan ne, Malay ɗina bai fi nasa Turancin ba, Abang ne ke cike mana gurbi. Ya tambaye ni launin ƙasarmu, na ce ja, ya ce tasu fara ce. Ya tambaya ko mata na wanke kuza a wurinmu. Na ce kakata ta yi, da ƙwarya, a tsaye cikin ruwa har gwiwa. Ya ce in nuna masa yadda take yi. Na miƙe na riƙe iska da hannu biyu, na riƙa juyawa ina karkatawa, yadda yashi zai fita baƙin ya zauna a ƙasa. Shi ma ya miƙe ya yi nasa, na mahaifiyarsa, da akushin katako. Salon hannun iri ɗaya ne, har 'yar girgizawar ƙarshe. Muka tsaya a tsakiyar shago mu biyu muna wanke kuzar da babu ita, Abang na kallonmu.

Da muka zauna tsohon ya yi wata tambaya da Malay. Abang ya ɗan jinkirta kafin ya fassara.

"Ya ce, ruwanku yana cin yara?"

Na ce yana ci.

Ban yi niyyar ƙarawa ba, amma tsohon ya ci gaba da kallona, sai na ji ina ba da labarin da ko matata ban taɓa ba ta ba. Ina da shekara goma. Mu bakwai muka je, har da ɗan maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, wanda ya fi mu duka iya ruwa. Shi ne ke nutsewa ya ɗebo laka daga ƙasa ya nuna mana. Ranar ya nutsa, muka tsaya muna jira ya fito da lakar. Muka jira. Da muka gane abin da ya faru sai muka kwashi rigunanmu muka gudu, kowa ya shige gidansu bai ce komai ba. Rigarsa da aka gani a bakin dam ita ta faɗa. Washegari masunta suka fito da shi. Mahaifiyata ba ta doke mu ba, ba ta kuma sake karce ƙafar kowa ba, don ba wanda ya sake zuwa. Uwarsa ta ci gaba da tuya a ƙofar gida, ni kuwa na riƙa zagayawa ta wani layi don kada mu haɗa ido.

Abang ya fassara a hankali. Tsohon yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ce su nasu shida ne, wanda ya tafi ɗan ƙanwar mahaifinsa ne, kuma su ma sun gudu.

Ya ce da ya rubuta waƙar akwai baiti a kan wannan, a tsakiya. Mai buga musu faifai ya so baitin ƙwarai, ya ce shi ne zai sa mutane kuka. Har an shiga ɗakin ɗauka, sai ya tuna gwaggonsa, uwar yaron, na da rediyo a kicin, kullum a kunne. Ya ce ba za a yi ba. Aka yi ta gardama, ya ce ko a cire ko a bar waƙar gaba ɗaya. Da aka cire sai wuri ya zauna babu komai, tsawon baiti guda, aka ce ya cike da jita. Ya ce bai tsara komai ba, kalmomin da aka cire yake faɗa a ransa yana bin su da yatsa. Sau ɗaya aka ɗauka.

Abang ya daina fassara, ya yi masa magana kai tsaye, muryarsa ta canja. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce: shekara talatin da wani abu yana kaɗa wannan wurin, ya koya wa 'ya'yansa, bai taɓa sanin haka ba. Tsohon ya amsa cewa ba ɓoyewa yake yi ba, tun da gwaggon ta rasu duk wanda ya tambaya zai gaya masa. Amma mutane in sun zo, irin tsirkiyar da ya sa suke tambaya.

Ya miƙe ya haɗa mana shayi a wata butar lantarki. Muna sha ya juya maganar, ya ce mu a wurinmu me ake kaɗawa mai tsirkiya. Na lissafa masa goge da garaya da molo da gurmi. Ya ce wanne ne mafi ƙanƙanta. Na ce gurmi: 'yar ƙwarya ce a rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu, masu kiɗan 'yan kokawa ke riƙe shi. Ya ce biyu kacal? Na nemo masa a waya. Ya sa kunne dab da wayar, ya ce a maimaita, ya sake cewa a maimaita. Ya ce wannan mutumin da tsirkiya biyu yana yin abin da shi bai iya yi da shida ba, ko ana samun irinsa a saya.

Na kira yayana a Bukuru. Ya ce, "Kai da aka tura karatu, gurmi kuma?" Amma ya je. Akwai wani tsohon mai gurmi da ke zama a bayan kasuwa, wanda tun muna yara yake kiɗa in an yi kokawa bayan girbi. Shi ya haɗa sabo. Matar wani abokin karatuna ce ta taho da shi a akwatinta, a tsakanin daddawa da kuka, saboda haka da na kai shi Cheras shagon duka ya ɗauki wari. Pak Cik ya shinshina ƙwaryar, ya tambaya ko wani irin gam ne. Na ce miya ce.

Danshin garin ya sa fatar ta saki. Pak Cik ya kunna fitilar teburinsa ya riƙa gasa ta daga nesa yana taɓawa da yatsa har ta ɗaure. Ya auna sandar, ya leƙa cikin ƙwaryar da ƙaramin madubi, ya duba ƙullin tsirkiyar ya ce wanda ya yi wannan ƙullin ya san aikinsa. Bayan mako uku na koma, na same shi da gurmin a cinya. Ya kaɗa mini. A kunnena ya yi daɗi. Shi kuwa ya girgiza kai, ya ce jita yake kaɗawa a jikin gurmi, kuma abin ya san ƙarya ake yi masa. Yana son malami.

Haka muka shirya kiran bidiyo. Ƙarfe huɗu na yamma a nan, tara na safe a gida. Yayana ya je bayan kasuwa ya riƙe waya, ni na jingina tawa da gwangwanin gam. Baba mai gurmi ya bayyana, zaune a kan benci da hula a karkace, ana jiyo masu babur a bayansa. Suka gaisa, ina juya gaisuwar. Baba ya tambayi iyali da gajiya da ruwa, Pak Cik ya amsa duka da gaske, ya ce ruwa kam ya yi yawa.

Baba ya ce, "To, ya kaɗa mu ji."

Pak Cik ya kaɗa. Baba ya saurara da ido a rufe, bai bari ya yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Ɗana, gaya masa yana yi wa abin ladabi da yawa. Ba a lallaɓa gurmi. Ya saki wuyan hannunsa, ya doke shi."

Na fassara ina ɗan rage kaifin maganar. Pak Cik ya ce in faɗa masa yadda aka faɗa. Na faɗa. Ya yi dariya, ya ce gaskiya ne, ya sake gwadawa. Baba ya ɗauko nasa gurmin ya yi wani ɗan gajeren zagaye, ya tsaya. Pak Cik ya bi. Baba ya maimaita, ya kawo hannunsa dab da waya don a ga yatsa. Suka yi ta yi, wannan ya ba wancan, har aka ɗauki lokaci ba wanda ya nemi in fassara komai. Yayana ya leƙo ta gefen hoton ya ce hannunsa ya gaji.

Can Baba ya ce, "Wai shi ma makaɗi ne a garinsu?"

Na fara bayani, cewa duk ƙasar nan ba wanda bai san kiɗansa ba, yara a makaranta ma suna yi. Pak Cik ya tambaye ni me ake cewa. Da na gaya masa ya ce a'a, in ce masa gyara yake yi, kuma yau ɗalibi ne. Na faɗi duka biyun. Baba ya ce ai ya gani a hannun, hannun wanda ya daɗe yana yi ne, shi ya sa yake da taurin kai.

Aka mayar da abin duk Asabar ta biyu. Wani lokaci layi ya yanke, wani lokaci Baba ya tafi suna ko jana'iza ba a same shi ba. Pak Cik ya aika masa da hular Malay baƙa da ƙunshin tsirkiyar kamun kifi mai kyau, ya ce a gwada ta a gurmi. Baba ya gwada, ya aiko cewa tsirkiyar ta yi, hular kuwa ta yi masa kaɗan, ya ba jikansa.

Yatsun Pak Cik ba sa barinsa ya yi fiye da 'yan mintuna a jere, sai ya tsaya ya murza su da man zafi. Bai zama gwani ba, kuma Baba bai taɓa ce masa ya zama ba. Abin da ya fi yabonsa da shi, bayan wata da watanni, shi ne cewa hannun ya fara jin magana. Da rubutun digirina ya yi nauyi na kasa zuwa a kai a kai, sai suka koma saƙon murya: Pak Cik ya kaɗa Abang ya ɗauka ya turo mini, in tura wa yayana, amsa ta dawo ta wannan hanyar.

Saƙon baya-bayan nan gajere ne. Baba ya ce a gaya wa ɗalibinsa zagaye na biyu ya yi daidai, amma yana shiga na uku da wuri, ya riƙa jira kamar ɗan kokawa na zagaya fili kafin ya kama. Na kai masa da kaina. Ya saurari muryar sau biyu duk da ba ya jin Hausa, sannan ya sa na fassara. Ya tambaye ni yadda 'yan kokawa ke zagaya fili, na kwatanta masa iyakar iyawata a ɗan filin da ke tsakanin tebur da ƙofa. Ya ɗauki fensir ya rubuta wani abu a bayan kalanda. Wata mata ta shigo da jitar ɗanta da ta karye a kai, ya ajiye gurmin a kan shiryayye, ya sa tabarau, ya karɓa.